Ganye ɗaya mai tsawon mita 30: yadda Ligodiyum ke hawa bishiya

Ranar da na fara cin karo da tsiron nan a bakin wata fadama ce can kudu, irin wajen da ruwa baya ƙafewa rani da damina, na hango shi ya lulluɓe wani ɗan kurmi tun daga ƙasa har ƙololuwa kamar an shanya koren labule. Na ɗauka irin yaɗon nan ne da muka saba gani kamar soso ko wake, sai na matsa na kama igiya ɗaya na ja. Siririya ce, bata ma kai kaurin wayar caja ba, amma ga tauri, na ja na ja taƙi tsinkewa sai dai ta shata min layi a yatsa. Na bi ta da hannu har ƙasa ina neman gindin da ta fito, ban samu wani gindi ba, kawai ta shige cikin laka ita da 'yan uwanta. Sai daga baya na gane cewa abin da na riƙe ɗin nan ba kara bane, ba reshe bane, ganye ne, ganye guda ɗaya tak tun daga laka har kan bishiya. To wannan maganar ita nake so in warware, dan duk wani abu da ya shafi tsiron nan, amfaninsa da ɓarnarsa da wahalar kashe shi, daga nan ya samo asali.

Sunansa a wajen masana tsirrai Lygodium microphyllum, mu kira shi Ligodiyum dan sauƙi. Yana cikin dangin tsirran da ake kira fen, wato waɗanda basa fure basa 'ya'ya basa yin iri irin wanda za ka riƙe a hannu ka shuka. Mu da muka tashi a ƙasar rani mai tsawo bamu cika haɗuwa da su ba sai dai a tukunyar ado a harabar otal ko a jikin kwakwar manja in mutum ya je kudu, amma dangi ne tsoho ƙwarai, sun fi shekara miliyan 300 a doron ƙasa, sun riga duk wani tsiro mai fure zuwa. Yawancin fen a zaune suke wuri ɗaya, ganyensu ya fito a nannaɗe kamar kan sandar dogarawa, ya warware a hankali, ya kai iya tsawon da zai kai sannan ya tsaya. Shi kuma Ligodiyum nasa ganyen baya tsayawa.

Dan a gane, a ɗauko zogale. In kina tsinkar zogale dan kwaɗo, 'yan ƙananan abubuwan nan masu zagaye da kike zubawa a kwano mu su muke kira ganye, amma a lissafin masana duk wannan abin da kika ɓallo daga jikin reshe, da tsinken tsakiyarsa da ƙananan tsinkayensa da 'yan filli-fillin gaba ɗaya, ganye ɗaya ne da ya rarrabu. Haka ganyen ɗorawa, haka na dabino, ita zarɓar dabino ai jijiyar tsakiyar ganye ce ba reshe ba, haka gwangwala a jikin tukurwa. To yanzu ka ƙaddara zarɓar nan ta zama siririya kamar waya, kuma bakinta bai taɓa rufewa ba, kullum tana ƙara tsawo tana fitar da sababbin 'yan ganye dama da hagu tana nannaɗe duk abin da ta tarar a gabanta. Ligodiyum kenan. Ganye ɗaya yana iya kaiwa mita 30, kusan tsayin bene mai hawa goma, shi yasa ake saka shi cikin ganyaye mafi tsawo da aka sani a duniya.

Ina ainihin karan yake to? Yana ƙarƙashin ƙasa, a kwance, kamar yadda citta take, sai dai shi siriri ne baƙi-baƙi mai gashi, baya nitsawa da zurfi, yana rarrafe yana rabuwa biyu biyu yana tura saiwa ƙasa yana tura ganye sama. Duk manomin da ya taɓa fama da tofa a gona ya san irin wannan halin, ka sare ta ka banka mata wuta, ruwan farko na sauka ta dawo shar dan abin da ke raye yana cikin ƙasa baka taɓa shi ba. Kuma wani abin sha'awa, ganyayen farko da ɗan ƙaramin Ligodiyum ke fitarwa basa hawa komai, gajeru ne masu iyaka kamar na kowane fen, sai karan ya yi ƙarfi ya tara abinci sannan ya fara turo masu hawan.

Yadda yake hawan ma abin a tsaya a kalla ne. Bashi da ƙaya, bashi da 'yan zaren nan masu murɗewa irin na kabewa da duma, bashi da saiwar da ke mannewa a bango. Bakin ganyen ne kawai ke juyawa a iska a hankali yana zana da'ira, yana lalube, in ya ci karo da wani abu siriri sai ya naɗe shi ya ci gaba. Masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin da kansa ya zauna ya ƙirga wannan juyin a binciken da ya fitar kan tsirrai masu hawa a 1865, ya samu bakin Ligodiyum yana kammala zagaye ɗaya cikin awa biyar zuwa shida, kuma ranar da aka fi zafi ya fi sauri. Tunda siriri ne bazai iya rungumar ƙaton gindin bishiya ba, sai dai ya bi ta ciyawa ya kama ƙaramin reshe, daga nan ya kama na sama, kuma in babu komai sai ya naɗe ɗan uwansa, sabon ganye ya hau kan tsohon da ya bushe, wannan ya hau kan wancan har su zama tsani da kansu. A riƙe wannan maganar ta tsani dan za mu dawo kanta in an zo batun gobara.

Akwai wasu fen ɗin masu hawa bishiya amma ba ta wannan hanyar ba. Misali Stenochlaena palustris na kudu maso gabashin Asiya, wanda mutanen Sarawak a tsibirin Borniyo ke kira midin suna soya ɗanyen tohonsa suna ci, shi karansa ne ke fitowa fili ya hau bishiya yana mannewa da saiwa, ganyensa kuwa na yau da kullum ne. Shi Ligodiyum ya bar karansa a ɓoye inda wuta da adda basa kaiwa, ya tura ganye kaɗai ya je ya nemo hasken rana.

In ka matsa kusa ka duba igiyar da kyau, za ka ga a kowane ɗan taƙi akwai wani ɗan gajeren tsinke da ya fito a gefe, tsinken ya rabu biyu, kowane ɓangare ɗauke da jerin 'yan ƙananan ganye masu kama da kan mashi, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ba, masu laushi kore mai haske. Daidai tsakiyar inda tsinken ya rabu akwai wani ɗan ƙullutu mai gashi wanda in baka lura ba bazaka ganshi ba. Toho ne da ke barci. Muddin bakin ganyen na can sama yana tafiya lafiya to shi yana kwance abinsa, amma ranar da iska ta karya bakin ko dabba ta cinye ko wani ya sa almakashi, sai ya farka ya zama sabuwar igiya ya ɗora daga inda aka tsaya, kuma ka tuna irin wannan tohon yana nan a jere tun daga ƙasa har sama. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan tsarin sai na jinjina ikon Allah, ganye ɗaya amma da 'yan canji birjik a jikinsa. Wata alama kuma da ake bambanta microphyllum da ɗan uwansa na Japan, Lygodium japonicum, ita ce shi 'yan ƙananan ganyensa suna da gaɓa a gindi, in sun tsufa sai su ɓalle daga gaɓar su faɗi su bar tsinken tsirara kamar ƙaramar waya, na Japan kuwa nasa sun fi rarrabuwa kuma basa ɓallewa haka.

Yanzu batun haihuwa, wanda nan ne mutane suka fi ruɗewa. In tsiro baya fure baya iri ta yaya yake yaɗuwa? A jikin igiyar akwai 'yan ganye iri biyu. Wasu bakinsu a miƙe yake sumul, aikinsu haɗa abinci da hasken rana kawai. Wasu kuma, galibi waɗanda suka kai sama inda rana take, bakinsu zagaye yake da wasu 'yan yatsu ƙanana kamar gezar rawani, in ka juya bayan kowane ɗan yatsa za ka ga layi biyu na 'yan jakunkuna kowace da ɗan murfinta. Cikin jakunkunan nan akwai wata ƙura mai laushi, mu kira ta ƙurar haihuwa, in ta nuna jakar ta bushe ta tsage sai iska ta kwashe. Anan hawan bishiyar ya ƙara yi masa rana, dan ƙurar da aka saki daga tsayin mita 20 ba ɗaya take da wadda aka saki a gindin ciyawa ba, iska na iya kai ta nesa sosai.

Sai dai ƙurar nan ba iri bace, kuma wannan shine bambancin da ya kamata a fahimta. Ƙwayar masara in ka shuka masara ce za ta fito. Ƙwayar ƙurar fen in ta faɗi a wuri mai laima ba fen ɗin da ka sani ne zai fito ba, wani ɗan abu ne daban, ɗan faifai kore siriri mai siffar zuciya wanda bai kai farcen ɗan yatsa ba, manne da ƙasa ko ruɓaɓɓen itace. Wannan ɗan faifan tsiro ne mai zaman kansa, yana haɗa abincinsa, kuma a ƙarƙashinsa ne ake samun gaɓoɓin namiji da na mace. Ƙwayoyin namijin suna da 'yan wutsiyoyi, iyo suke yi, dole sai an samu ɗan ruwa ko da na raɓa ne kafin su isa wajen ƙwan. In sun haɗu sai sabon Ligodiyum ya tsiro daga jikin faifan, shi kuma faifan ya shanye ya mutu. Kenan rayuwarsa zubi biyu ce, babba mai hawa bishiya ya haifi ƙura, ƙura ta haifi ɗan faifai, ɗan faifai ya haifi babba. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Hofmeister ne ya fito da wannan tsarin fili a 1851. Kuma wannan buƙatar ruwan ita ce dalilin da yasa zaka samu tsiron nan a fadamu da bakin rafi da dazukan ruwa amma bazaka ganshi a jigawa ba.

Yawancin fen sun fi son faifai biyu daban su haɗu, amma binciken da aka yi a jihar Fulorida ta Amurka ya nuna shi microphyllum faifai ɗaya kaɗai yana iya yin namiji ya yi mace ya haɗa kansa da kansa ya fitar da tsiro lafiyayye. Ma'ana ƙwayar ƙura ɗaya tak da iska ta jefa a wani tsibiri ta isa ta kafa sabon gari. In kuma suna da yawa a wuri ɗaya sai wani abin ya faru, wanda masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka warware a 2014 a kan japonicum. Faifan da ya riga girma yakan zama mace, sai ya saki wani sinadari cikin laimar da ke kewaye da shi, sinadarin bai gama haɗuwa ba, ƙananan faifan da ke kusa ne ke tsotse shi su ƙarasa haɗa shi a jikinsu, shi kuma sai ya juya su su zama maza. Kaga ta haka manya sun zama mata ƙanana sun zama maza, an samu gaurayar jini. In shi kaɗai ne ya wadatar da kansa, in da jama'a a yi auratayya, ta ko'ina bai yi asara ba.

Ta ɓangaren suna, wani masani ɗan Sifen Antonio José Cavanilles ne ya fara siffanta shi a 1801 da wani suna daban, sai Robert Brown ɗan Sikotlan ya mayar da shi cikin zuriyar Lygodium a 1810 a aikinsa kan tsirran Ostireliya. Kalmar daga Girkanci take, tana nufin abu mai lanƙwasuwa, microphyllum kuma mai ƙananan ganye. Zuriyar tana da 'yan gomomin nau'i, galibinsu a ƙasashe masu zafi. Shi wannan namu asalinsa faɗi ne da shi, yana Afirka mai dausayi har da kudancin Najeriya, yana Indiya da kudu maso gabashin Asiya da arewacin Ostireliya da tsibiran tekun Pasifik.

A duk waɗannan wuraren ba abin tsoro bane, abin amfani ne ma. Taurin nan da ya shata min yatsa shi masaƙa ke nema. A Filifin suna kiran dangin nan nito, suna saƙa kwanduna da faifai da malafa da shi. A kudancin Tailan, musamman yankin Nakhon Si Thammarat, suna ce masa yan lipao, suna feɗe bayan igiyar su zare ta ta cikin ƙaramin rami a jikin gwangwani har ta zama siririya kamar zare, su saƙa jakunkunan mata masu tsada, sana'ar da ta kusa mutuwa Sarauniya Sirikit ta farfaɗo da ita. A tsibiran Bali da Lombok na Indunisiya suna kiran wani ɗan uwansa ata ko ketak, bayan an gama saƙar sai a turara kayan da hayaƙin ɓawon kwakwa har su yi launin zuma, jakunkunan nan masu zagaye da ake ce musu na Bali da yawa daga cikinsu da shi ake yi. Mutanen Mawori na Niyu Zilan suna da nasu nau'in, mangemange, suna ɗaure-ɗaure da shi suna saƙa tarkon kifi. A ƙasar Sin kuwa ƙurar japonicum ake tarawa a sayar a shagunan maganin gargajiya dan matsalar fitsari. Abin da ya fi burge ni ma shine a Amurka akwai wani ɗan uwansa ɗan ƙasa, Lygodium palmatum, wanda mutane suka dinga tsinka suna adon gida da shi har ya kusa ƙarewa, sai da jihar Connecticut ta kafa dokar kare shi a 1869, kuma ana lissafa ta a matsayin dokar farko ta kare wani tsiro a ƙasar.

To amma labarin Fulorida daban ne, kuma shi yasa sunan tsiron nan ya yi ƙaurin da ya yi. An shigo da shi ne a matsayin tsiron ado, dan gaskiya kyakkyawa ne, kowa ya gani zai so ya hau masa shinge. A ƙarshen shekarun 1950 yana wajen masu renon furanni a kudancin jihar, zuwa tsakiyar shekarun 1960 an fara samunsa ya tsiro da kansa a daji a gundumar Martin. Ya yi shekaru babu wanda ya damu da shi. Ƙiyasin da aka yi ta jirgin sama a 1993 ya nuna ya mamaye kusan eka 27,000, zuwa 2005 ya haura eka 100,000. Kudancin Fulorida kamar dan shi aka yi, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ruwa ga ɗumi kusan duk shekara, kuma a can yana zubar da ƙura ba tare da jiran wani lokaci ba.

Inda abin ya fi ciwo shine dausayin Everglades, musamman gandun Loxahatchee. Wajen fili ne na ruwa da ciyawa iya ganinka, a tsakiya akwai 'yan tuddai masu bishiyoyi kamar tsibirai, nan ne tsuntsaye ke sheƙa, nan barewa da sauran dabbobi ke samun busasshiyar ƙasa in ruwa ya ƙaru. Ƙura ɗaya ta sauka a irin wannan tudun shikenan. Ganye ya hau, wani ya hau kansa, su rufe bishiyar ruf su tare mata rana, waɗanda suka mutu basa ruɓewa da wuri saboda taurinsu sai su taru a ƙasa su zama katifar waya mai kaurin da kan kai mita guda, babu irin bishiyar da zai faɗi ya ratsa ta ya tsiro, kuma an sha samun kunkuru da barewa sun sarƙe a ciki sun mutu. Nauyin da ke saman kuma in guguwa ta zo sai ya taimaka mata ta karya rassan, daga sama in ka kalli hoton irin wannan tsibirin za ka ga tsakiyarsa ya rufta, kore shar amma babu komai a ciki sai abu ɗaya. Duk wanda ya ga yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ta hana masunta da manoma sakat zai gane irin wannan baƙin cikin, wuri yana kore amma ya mutu.

Sai batun gobara, inda tsanin nan ya dawo. Dazukan Fulorida sun saba da wuta, hasali ma hukumomin gandun daji da kansu suke saka ta lokaci lokaci dan ta share ƙasa, kuma bisa al'ada wutar a ƙasa take tafiya, ta lashe ciyawa ta wuce ta bar manyan bishiyoyi, in ta iso bakin ruwa inda kurmin saifires yake, wata bishiya mai tsirowa cikin ruwa, sai ta mutu. Ligodiyum ya rushe wannan lissafin. Busassun igiyoyinsa da suka rataya tun daga ƙasa har ƙololuwa su ne matakalar da wuta ke bi ta hau sama ta cinye kan bishiyar da bata taɓa saba ƙonewa ba, katifarsa da ta shimfiɗu a kan ruwa ta zama gada wuta ta tsallaka, kuma guntayensa masu ci da wuta basu da nauyi, zafi na ɗaga su iska ta kai su gaba su kunna wani wajen. Bayan an gama, bishiyar ta mutu, shi kuwa karansa na cikin laka lafiya lau, kuma yanzu ga fili ga rana babu mai tare masa.

Tambayar da ta dame ni tun farko ita ce, tsiro ɗaya ne fa, me yasa a fadamar da na ganshi ya tsaya a ɗan kurminsa, a Fulorida kuma ya zama annoba? Babban bayanin da masana suka fi karkata a kai shine a gida yana da masu cinsa, ƙwari da tsutsotsi da cututtukan da suka yi dubban shekaru suna tare da shi suna rage masa ƙarfi, da aka ɗauke shi aka tsallaka teku da shi sai aka baro su a baya. Ni a ganina laifin ba na tsiron bane ko kaɗan, abin da yake yi a can shi yake yi a nan, hannun da ya ɗauke shi ne bai yi tunanin abin da zai biyo baya ba.

Wannan fahimtar ce tasa ma'aikatar noma ta Amurka, ta hannun ɗakin bincikenta na Fort Lauderdale da wani da take da shi a Brisbane ta Ostireliya, ta tura mutane su koma asalin tsiron su nemo maƙiyansa. Aiki ne mai cin shekaru, dan kafin a saki kowane ƙwaro sai an tabbatar bazai juya kan amfanin gona ko kan fen 'yan ƙasa irin palmatum ba. Faɗa-wutar farko da aka saki a tsakiyar shekarun 2000, Austromusotima camptozonale, bata kama ƙasa ba. A 2008 aka saki wata, Neomusotima conspurcatalis, ita ta zauna ta hayayyafa, tsutsotsinta suna kankare koren ganyen su bar shi ruwan ƙasa, a gandun Jonathan Dickinson an ga wuraren da suka yi wa tsiron kaca-kaca. A shekarar dai aka saki wata mitsitsiyar halitta dangin kaska wadda ido baya gani, Floracarus perrepae, ita kuma tana sa bakin ɗan ganyen ya nannaɗe ya kumbura ta zauna a ciki tana tsotsa, ta rage masa saurin girma. Wajen nemo ta ne aka gano wani abu mai muhimmanci, ashe ba kowace irinta ke cin kowane Ligodiyum ba, ta wani yanki tafi kama tsiron yankinta. Sai da aka gwada ƙwayoyin halittar na Fulorida aka ga ya fi dacewa da na yankin Cape York a can ƙuryar arewacin jihar Queensland, sannan aka je can aka ɗebo wadda ta san shi.

Duk da haka ƙwarin nan rage masa gudu suke yi, basu kawar da shi ba, har yanzu babban aikin na hannu ne da maganin feshi. In wajen ya yi yawa a fesa ta helikwafta, in kuma ana son a tsira da bishiyoyin sai ma'aikata su shiga ruwa da ƙafa ko da kwalekwale, su yanke igiyoyin daidai ƙugu, na sama su bar shi ya bushe a rataye tunda an raba shi da karansa, na ƙasa kuma su fesa masa gilaifoset ko wani maganin ciyawar dan ya bi ganyen ya gangara har cikin karan da ke laka, dan in ba a kai ga karan ba to aski kawai aka yi masa. Sanyin hunturu mai daskarar da raɓa ma haka yake masa, ya ƙone na sama ya bar na ƙasa. Kuma ko an yi nasara a wannan shekarar dole a dawo baɗi a dawo baɗin baɗaɗa, saboda ƙurar da ke cikin ƙasa da wadda iska ke kawowa daga maƙwabta. Su kansu ma'aikatan in sun tashi daga aiki ana umartarsu su kakkaɓe kayan jikinsu su wanke takalma da adduna da motoci kafin su shiga wani dajin, dan ƙurar na maƙalewa a tufafi, kuma ƙwaya ɗaya a igiyar takalmi ta isa.